Gaisuwar Uwar Kada

Ga ta nan, ga ta nanku, masu gyangyaɗi da masu ido biyu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani gari ne mai babban tafki, ba a shigarsa sai ranar bikin su, wato kamun kifi. Al'adarsu, kafin ranar sai Sarkin Ruwa ya kai wa Uwar Kada gaisuwa da ƙafarsa, ya kira ta da bakinsa, ita kuma ta kwashe 'ya'yanta su koma can ƙasan ruwa. Ranar bikin kuwa, ɗan gidan Sarkin Ruwa ne ke fara faɗawa.

To, wata shekara kurkunu ta kama Sarkin Ruwa Tunau a ƙafa, ko zaure ba ya iya kaiwa. Ga baƙi sun fara sauka da homa da gora, 'yan bori sun iso, masu garaya suna ta gwaji. Kunya ta hana shi cewa a ɗaga biki.

Sai ga Gizo, uban shisshigi. "Yanka ya daɗe, kawo in kai maka."

Tunau ya ba shi ƙwaryar gumba. Gizo ya zaga bayan suri ya tashi da ita, ya dawo yana share baki.

"Ta karɓa?"

"Ta kaɓa, tana gaishe ka."

Kashegari aka ba shi zuma, ya lashe. "Ta karɓa?" "Ta kaɓa." Aka ba shi baƙin zakara, ya gasa, ko ƙashi bai bari ba. "Ta karɓa?" "Hay da godiya!"

Ana gobe biki, Kwaɗo ya shigo yana haki. "Sarki, Uwar Kada kullum tana bakin gaɓa tana duban hanya."

Tunau ya gane gaisuwarsa ba ta isa ba. Amma ya ji kiɗa ya cika gari, sai ya ce, "Kai da baƙin bakinka, fice mini!" Ya sani fa, yarana. Ƙin sani ya yi, kuma wannan ya fi ba ni haushi a kan kwaɗayin Gizo.

Da safe aka ɗora shi a jaki zuwa tafki. Aka buga ganga, ɗansa tilo Jatau ya rungumi gora ya faɗa. Ruwa ya murɗa, gora ta taso ita kaɗai.

Tunau ya diro daga jaki, ya ja ciki har gaɓa yana kuka. "Uwar Kada, me na yi miki?"

Ta ɗago kai. "Ban ga ƙwaryarka ba, ban ji muryarka ba. Yau da ka iya zuwa da jan ciki, me ya hana ka jiya?"

Baƙi suka naɗe homarsu suka watse, Gizo ya haye rufin ɗaki ya laɓe. Tunau kuwa har ya mutu yana kiran Jatau a bakin ruwa, kuma ba a sake yin bikin su a garin ba.

Kun ji dai. Nauyin da yake naka ne kai kaɗai, kada ka aika wani, ko da rarrafe ka je da kanka.

Kungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.