Mayaƙin da Ya Rasa Sahu

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa Sarki Zailani na Birnin Jangwado yana da mayaƙa dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. A al'adar garin ba a fita yaƙi sai sahu ya daidaita, kuma wanda ya rasa sahu mai baƙar ƙafa ne. Bisa girma suke tsayawa: Ciroma Isiyaku, ɗan sarki, a farko, wani sabon shiga mai suna Tanimu a ƙarshe.

Ranar fita aka jera su bibbiyu, Tanimu ya rage. Aka jera uku-uku, ya rage. Har aka kai goma-goma, yana nan tsaye shi kaɗai da mashinsa. Mutane suka riƙe baki, na kusa da shi suka ja baya.

Sarki ya ce, "Wallahi a sake jerawa sau ɗaya. Duk wanda ya rage a fille kansa."

Waziri Ɗalhatu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an yi wani falke da ke ƙetare kogi da 'yan dakonsa. Su goma sha uku ne har da shi, kwalekwalen kuma huɗu yake ɗauka. Kullum mutum ɗaya ke ragewa a gaɓa, falke ya yi ta zaginsa wai ya cika nawa. Rannan shi ya makara wajen ɗaure takalmi, ya ɗaga kai ya ga kansa shi kaɗai a gaɓa."

Sarki ya ce, "Waziri, tatsuniya za ka yi mini a filin daga?"

"Ranka ya daɗe, roƙo ne. A fara jerin nan daga wutsiya."

Aka fara daga Tanimu. Sahu ya yi ta cika har ya iso gaban sarki, sai ga Ciroma tsaye ba kowa a gefensa. Mai takobin da aka kira don fille kai ya dubi ƙasa. Sarki ya miƙe, ya koma ya zauna.

Waziri ya ce, "Laifin adadin ne. Wannan adadi ba ya rabuwa daidai, sai dai a tsaya ɗai-ɗai ko duka a sahu guda. Amma a cire masa ɗaya, abin da ya saura zai rabu ta kowace fuska, daga biyu har goma."

Sai Sarki ya yi umarni a ciyar da miskinai kaffarar rantsuwarsa, ya ba Waziri alkyabbar da ke jikinsa, ya sa aka miƙa wa Tanimu tuta ya wuce gaba. Sahu ya daidaita.

Masu ruwaya suka ce, kafin ka hukunta na ƙarshe, duba ta ina ka fara ƙirga.