Ranar da Tambai Ya Kira Gayya

Tun zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, lokacin da giwaye ke kiwo a inda yau ake cin kasuwa, an yi wani maharbi ana ce masa Tambai. Mutumin arewa ne, dogo, mai ƙarancin magana. Tsofaffi sun ce fari ne ya koro shi daga garinsu, ya yiwo kudu da matarsa Tsahara da kwari da baka, suna bin sawun namun daji, don namun daji sun san inda ruwa yake.

Sawun ya kai su ga wani babban dutse da ake kira Dutsen Kuri. A bisansa akwai fili mai faɗi, da tsamiyoyi, da wani tafki a cikin kwarin dutse wanda ko da rani ba ya ƙafewa. Hanyar hawa ɗaya ce tak, ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Tambai ya duba, ya ga wurin da mahara ba za su iya hawa da doki ba. Nan ya kafa bukka.

Wanda ya fara biyo shi shi ne Nabara maƙeri, gajeren mutum mai yawan dariya, wanda ya zama amininsa. Bayansa sai masaƙa, sai marina, sai manoma da iyalansu. Kafin gashin Tambai ya fara fari, Kuri ta zama gari. Waɗanda suka ji labarinta daga bakin kakanninsu sun ce babu sauro a can, iska kuwa ko da bazara sanyi gare ta. Mata na niƙa a kan dutse suna waƙa, har yau ramukan niƙansu suna nan. Idan Tambai ya dawo daga dawa, maroƙa na tarbarsa da kirari: "Tambai na Tsahara, mai buɗe dawa! Ɓauna ta gan ka ta sake hanya!" Shi kuwa sai ya sa a raba naman gida gida, har gidan da ba namiji.

A can Tsahara ta rasu, aka binne ta a gindin wata tsamiya kusa da tafkin.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru dutsen ya fara gurnani. Da fari ba a kula ba, an ɗauka tsawa ce daga nesa, sai dai sama tana garau. Daga nan sai tukwane suka riƙa karo da juna a kan murhu ba wanda ya taɓa su. Wata rana da hantsi ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafafun mutane kamar tabarmar da aka ja, randuna suka tuntsure, zabi suka tashi da kuka, rumbu ɗaya ya tsage. Da abin ya lafa, mutane suka yi ta salati da dariyar tsoro, suka koma ayyukansu.

Tambai bai koma ba. Ya sauka ya tafi wani ƙauyen Gwari da ke bayan kogi, wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane wadda aka ce ta fi kowa shekaru a yankin. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, me ya sa mutanenku ba su taɓa zama a kan Kuri ba, ga ruwa ga tsaro?"

Tsohuwar ta ci gaba da murza yumɓunta. "Mun zauna, ɗana. Kakata a can aka haife ta. Dutsen nan yana barci ne, ya daɗe yana yi, sa'an nan ya juya. A zamanin kakar kakata ya juya, a zamanin kakata ya sake juyawa. Wanda ya tarar a kansa, shi ke nan."

Tambai ya dawo ya tara dattawa ya faɗa musu. Ba wanda ya ƙaryata shi, amma ba wanda ya yarda ya sauka. A shekarar mahara sun kwashe wani ƙauye a fako, kowa ya ji labari. Nabara ne ya faɗi abin da ke zuciyar kowa.

"Aboki, kai ka kawo mu nan. A ƙasa mun san abin da ke jiranmu, dawakai da igiya. Dutse kuwa tun yaushe yake gurnani, wa ya kashe? Kuma ka bar Tsahara ita kaɗai?"

Tambai ya sunkuyar da kai.

Daga wannan shekara ya daina harbi. Kullum sai ya sauka dawa, ya yi tafiya, ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, ya tashi ya ƙara gaba. An ce yana jin muryar dutsen tana gudu a ƙarƙashin ƙasa kamar ƙorama, kuma ya bi ta har ya gane inda take ƙarewa. A can, a wani tudu mai jar ƙasa daga gabas, ya sare daji ya yi gona mai girma, ya shuka dawa. Mutane suka ce tsufa ya kama Sarkin Baka, ya koma manomi.

Da kaka ta yi, dawa ta nuna, sai ruwan tafkin Kuri ya gurɓace, ya fara ja da baya ba dalili. Remaye, ƙananan dabbobin nan waɗanda ba sa rabuwa da kogunan dutse, aka gan su da rana tsaka suna gangarawa da 'ya'yansu. Tambai ya tsaya a bakin tafkin ya daɗe. Sa'an nan ya sa aka buga ganga, ya tsaya a dandali ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Jama'ar Kuri, ban taɓa roƙonku komai ba. Gobe ina gayyar girbi. Duk wanda ya taɓa cin naman bakana, namiji ko mace, babba ko jinjiri a goye, ina son in gan shi a gonata."

Babu gidan da bai ci naman nan ba. Washegari garin ya kwararo ƙasa, makaɗa a gaba, mata da ƙoren fura, tsofaffi a kan jakuna. Tambai ya tsaya a bakin hanya yana duban fuska ɗaya ɗaya. Da na ƙarshe ya wuce, ya ga babu Nabara. Ya ba makaɗa umarni kada su tsaya, ya juya ya hau.

Ya same shi a maƙera yana zuga wuta.

"Na san abin da gayyar nan take nufi," in ji Nabara yana murmushi. "Ka yi dabara. Amma ni ƙarfe na wuta, ban taɓa barin ƙarfe a wuta ba. Je ka, ina zuwa."

"Tashi mu tafi, Nabara. Don Allah."

"To, bari in ɗauki guduma."

Bai kai ga gudumar ba. Waɗanda ke gona sun ce gangunan ne suka fara yin shiru, don makaɗa sun faɗi. Ƙasa ta yi ta rawa, zangarniyar dawa na kaɗawa ba iska. Suka ɗaga kai suka ga gefen Kuri na yamma ya rabu da uwarsa, ya zame a hankali da gidaje da rumbuna da tsamiyoyi, sa'an nan ƙarar ta iso.

Sai da la'asar samari suka iya hawa. Suka tarar da Tambai a bakin tsagar da dutsen ya yi, dutse ya danne masa ƙafa, hannunsa riƙe da hular Nabara. Inda maƙera take babu komai sai rami. Tafkin ya tafi, tsamiyar Tsahara ma ta tafi. A duk garin, mutum ɗaya aka rasa.

A gonar nan aka kafa sabon gari, aka kewaye shi da ganuwa saboda mahara, aka sa masa suna Gayya. Tambai ya hana a yi soro mai nauyin azara, ya ce a yi gini gajere da jinka, abin da in ya faɗo wa mutum zai tashi ya karkaɗe jiki. Ya rayu shekaru da dama yana ɗingishi da sanda. Kullum da yamma yakan zauna a ƙofar yamma yana duban dutsen. Masu wucewa kan yi masa sabon kirari, "Mai gayyar da ta ceci gari," sai ya kaɗa kai ya ce, "Saura ɗaya."

Ƙasa ta sake motsawa a Gayya bayan zamaninsa. Kakata ta ce tana budurwa aka yi wata girgiza wadda ta zubar da katangar masallaci. A zamaninmu ma an yi 'yar ƙarama, har mutanen gwamnati suka zo da na'urori suka ce akwai tsohuwar tsaga a ƙarƙashin duwatsun yankin. Yanzu an yi gidajen bulo da kwano, har da bene ɗaya a bakin tasha, wanda tsofaffi ba sa yarda su zauna a inuwarsa.

Amma abu ɗaya bai sake ba. Kowace shekara, ranar da za a fara yankan dawa, ba mai zama a cikin ɗaki a Gayya. Mai jego takan fito da jaririnta, marar lafiya a ɗauko shi da gadonsa a ajiye a inuwa. Sarkin Baka mai ci yakan tsaya a ƙofar gari, a wuce ta gabansa gida gida, ba a taɓa ganga sai an ga kowa. Sa'an nan ya juya ya dubi Kuri, ya ɗaga murya ya kira, "Nabara!" Jama'a su yi tsit, a saurara kamar mai jiran amsa. In an ɗan jima, sai maƙeran gari su amsa a madadinsa, "Ga mu nan tafe," a buga ganga a shiga gona.