Tayfun da Kaburburan Sarakunan Amasya

Tayfun mutum ne mai kirki, amma ba ya iya zama wuri ɗaya. A Jamus ya girma, can mahaifinsa ya tafi da shi yana goye bayan rasuwar uwarsa. Sai da furfura ta fara tsiro masa ya zo garin Amasya a ƙasar iyayensa, ya sauka gidan Inna Shukriye, yayar mahaifiyarsa. Ita kaɗai ta rage da ta san inda aka binne uwar, domin allon katakon da aka kafa a kabarin ya daɗe da ruɓewa.

Tun ranar farko ta ce ya kai ta ƙauye ta nuna masa. Ya ce gobe. Gari ya tafi da hankalinsa: tsofaffin gidajen da ke leƙen kogi, ƙamshin tuffa a kasuwa, dattawan da ke wuni a kan kofin shayi ɗaya. Kullum da yamma yakan dawo da hotuna yana nuna mata titin da ta tsufa a kai. In ta ƙara masa shayi don ya zauna, sai ya ɗora cokali a bakin kofi, wai ya ƙoshi.

Da safiyar da ya shirya hawa dutse kallon kaburburan sarakunan zamanin da, ta tare ƙofa da sandarta.

"Kai Bajamushe, sarakunan nan wanne ya ba ka nono?"

Ya yi dariya, ya sumbaci hannunta ya kai goshi. "Inna, gobe in Allah ya yarda. Har mai mota na yi wa magana."

"Dutse zai jira ka, ɗan ƙanwata. Ni ban yi maka alkawari ba."

Ya hau, ya sha kallo, ya sayo mata alewa. Da la'asar yana kawowa lungu ya hango takalmanta a waje, an jera su bakin titi don mabukaci ya ɗauka, kamar yadda ake yi a can in mai su ya rasu.

Bayan jana'iza ya je ƙauyen. Ya bi duwatsun kaburbura marasa suna ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowanne addu'a, ko Allah zai sa ya dace da na mahaifiyarsa.

Ku da kuke da tsoho a gida, ku ji da kyau. Abin kallo yana nan gobe, amma abin da tsoho ya sani tare da shi yake tafiya. In ya ce ku zauna, ku zauna.