Ruwan Zafin da Yarima Jatau Ya Watsar

A zamanin da mutum da aljan ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, an yi wani sarki a Birnin Kurmin-Zuma, sunansa Tunau ɗan Mayau, jikan masu rijiya dubu, mai faɗa a ji, mai kyauta ba waiwaye. Ɗansa ɗaya ne tak, Yarima Jatau, kyakkyawa son kowa, jarumi sha-yabo, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, an kuwa ce sauri ya haifi nawa.

Mutanen birnin masu kiyaye camfi ne ƙwarai. Ba sa barin takalmi a kife, ba sa tsallake wanda ke kwance, kuma ba mai zubar da ruwan zafi sai ya yi bisimilla, don kada ya ƙona waɗanda ido ba ya gani. Sun kuma yarda duk wanda ya fara ganin mai ido ɗaya da sassafe, ranar ba shi da sa'a. Akwai kuwa wani tsohon baduku mai ido ɗaya kusa da fada, sunansa Barmo, shi ke ɗinka wa Yarima takalma tun yana tatata.

Wata safiya Yarima yana saurin fita farauta, aka kawo masa ruwan wanka da zafi zau, sai ya fusata ya watsar a bakin ƙofa, ba bisimilla. Ya ji wata siririyar ƙara kamar ta tsohuwa, ya yi kamar bai ji ba. Kafin mako rijiyoyi sun ƙafe, kaji sun daina ƙwai, baba ya ƙi kama zane a marina. Sarki ya tara fadawa ya ce, "Jatau, daga ranar farautarka masifar nan ta faro. Me ya faru da safiyar nan?" Yarima ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Barmo na fara gani." Gaskiya ce, amma rabinta. Aka kori Barmo, ya rataya jakar kayan aikinsa ya bar garin.

Aka yi kusan wata biyar rijiyoyi ba su cika ba. Yarima kuwa ko takalminsa ya duba sai abinci ya fita ransa, har ya rame ya ƙanjame. Ran nan ya ɗaura sirdi ya nufi ƙasar aljanu neman gafarar wadda ya ƙona. A ƙofar gari ya yi tuntuɓe da ƙafar hagu, tsofaffi suka ce ya koma gida. Ya ce, "Iyayena, wanda ya ɗauko tsiyarsa a cikinsa, me tuntuɓe zai ƙara masa?"

Ya ratsa dazuzzuka masu duhu da sarƙaƙiya, ya isa wani birni na tagulla, inda ya tarar da mutane zaune sun buɗe hannuwa, wai tafinsu na ƙaiƙayi, arziki na tafe, shekararsu arba'in suna jira, ciyawa ta cinye gonakinsu. Ya wuce wani birnin na madubi, can kuma kowa idonsa na rawa, duk sun taru a ƙofar gari suna jiran babban baƙo, amma da suka gan shi da ƙura da tsumma, ko ruwa ba su ba shi ba. A rana ta saba'in ya iso fadar Sarkin aljanu Damƙaru, mai ginshiƙan lu'ulu'u da rufin hayaƙi, mai rawanin walƙiya, wanda in ya yi gyaran murya duwatsu ke rusunawa. Gefensa ga mahaifiyarsa kwance rub da ciki, bayanta duk ya saluɓe.

Ta ɗago ta ce, "Au, kai ne mara kunyar da ya dafa mini baya ina shan hantsi? Ko kaza za a fige, ai a kan ambaci Allah."

Sarki Damƙaru ya miƙa masa ƙwarya ya ce, "Ya ɗan sarkin mutane, kwaso mana ruwan da ka zubar, shi kaɗai ne maganinta."

Yarima ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ruwan da ƙasa ta shanye ba ya kwasuwa. Ni ne na watsa, na ji ƙararta, na kuma ƙi waiwayawa." Yana faɗa sai ruwa mai sanyi ya ɓuɓɓugo a ƙwaryar, ya tsaya daidai rabi.

Tsohuwa ta leƙa ta ce, "Jikana, ashe ka saba ba da rabi."

Nan hawaye ya zubo masa, ya faɗi yadda ya jingina laifinsa ga baduku, ƙwarya ta cika fal. Aka wanke mata baya, ta miƙe garau. Ta ce, "Nawa ya warke, rijiyoyinku ma za su cika. Waccan ƙunar ta baduku kuwa ba mu da maganinta a nan."

Iska ta ɗauke shi da dokinsa ta sauke su a bakin wani kogo bayan garinsu. Ya tarar da Barmo ya naɗe fuskarsa da tsumma. Da tsohon ya ji muryarsa sai ya juya baya ya ce, "Kada ka dube ni, ranka ya daɗe, rana ba ta ɗaga ba tukuna. Rijiyoyin sun cika bayan na tafi? Kullum ina roƙon Allah ya yafe mini ƙishirwar yaran nan."

Yarima ya faɗi ya kama ƙafafunsa ya ce, "Baba, ba kai ba ne. Ni ne." Ya kwashe labari duka ya gaya masa. Barmo ya shafa tsumman fuskarsa ya ce, "Wata bakwai ina tsine wa fuskar da uwata ta haifa."

Yarima ya ɗora shi a doki, shi ya ja linzami a ƙasa har tsakiyar kasuwa, ya faɗi laifinsa gaban sarki da talakawa. Bayan shekara aka naɗa shi sarauta, ya yi mulki da adalci da sanyin hali. Barmo kuwa sai a shekara ta uku, yana gwada masa sabon takalmi, ya ce, "Na yafe maka, Jatau. Ɗaga ƙafar."

Allah ya tsare mu da ɗora wa wani kayan da mu muka ɗaure.