Ƙarfen da Aka Fasa a Ƙofar Gida

Akwai wani manomi a wata ƙasa mai duwatsu, inda acca ce babban abincin mutane. Yana da mata mai suna Tabita. Kowa ya san daɗin acca a baki, amma wahalarta sai mai surfe. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce kamar yashi, sai an daka, a bakace, a sake dakawa, sau huɗu ko biyar kafin ta rabu da dusa. Shekara ashirin Tabita tana wannan aiki, har kafaɗarta ta dama ta soma ciwo. Da aka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta gaya wa mijin ƙiri-ƙiri cewa in matarsa ba ta ajiye taɓarya ba, hannun nan zai mutu. Mutumin ya damu ƙwarai, gama yana ƙaunar matarsa. Amma 'ya'yansu mata duk sun yi aure, gida kuwa sai an ci, saboda haka da gari ya waye Tabita ta koma bakin turmi.

A shekarar nan ce mahaifin mutumin ya rasu. Bayan an tashi daga zaman makoki, ya buɗe ɗakin tsohon domin ya kimtsa abin da ya bari. A kusurwa, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi, ya tarar da wani ƙarfe mai nauyi wanda bai taɓa sanin yana gidan ba. Yana tsaye a kan ƙafafu uku, da baki a sama irin na mazurari, da mariƙin juyawa a gefe. Da ya leƙa ciki ya ga faranti biyu na ƙarfe suna fuskantar juna, an lulluɓe fuskokinsu da fata mai kauri. Babu rubutu a jikinsa, babu lamba.

Tabita ba ta ga abin ba. A garin nan matar ɗa ba ta taka ɗakin surukinta, ko yana da rai ko ya mutu, kayan mamaci kuwa magana ce ta maza. Don haka mutumin ya kira abokansa biyu su zo su duba masa.

Na fari shi ne Habila mai gyaran keke. Ya zagaya ƙarfen sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi, ya ce wannan injin niƙan masara ne, ba shakka. Aka zuba masara aka juya. Masarar ta cushe a ciki, wadda ta samu hanya ta fito yadda ta shiga. Habila bai ji kunya ba, ya ce haƙoran ne suka cinye, fatar nan kuwa faci ce da wani marar sani ya yi. Na biyu shi ne Zakka, tsohon soja, mutumin da tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Ya rantse ya ga irinsa a bariki, kan famfon ruwa ne, sauran jikin ne ya ɓace. Aka zuba ruwa, ruwa ya jiƙa musu ƙafafu. Lahadi uku suka yi, da an tashi daga sujada sai su taru a ɗakin nan. A bakinsu ƙarfen ya zama injin matse rake, ya zama na wasa wuƙa, ya koma na masara. Suna ta gardama, ƙarar taɓarya tana tashi daga tsakar gida, har wata rana Zakka ya ce a gaya wa matar gida ta ɗan dakata, ba sa jin juna.

Ran nan Tabita ta kawo musu abinci ta ajiye a bakin ƙofa. Da mijin ya fito ɗauka, ta ce masa a hankali ko zai je ya tambayi Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinsa, tun da ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tashi tare da tsohon. Mutumin ya yi dariya. Abin da ya gagari mai gyara da soja, ina tsohuwar da ko gani ba ta yi sosai za ta san shi? Ga shi ƙauyenta tafiyar rabin yini ce. Ya ɗauki kwanon ya koma ciki.

Ba a daɗe ba wani ɗan gwangwan ya shigo garin da amalanke yana sayen tsofaffin ƙarafa. Mutumin ya riga ya gaji da ƙarfen da ba ya niƙa, ba ya ɗebo ruwa, sai cin wuri. Suka daidaita a kan bokitin roba biyu, har yana murna ya samar wa matarsa abin amfani. Aka jawo ƙarfen zuwa ƙofar gida. Da yake bai zauna a amalanken ba, ɗan gwangwan ya ɗauko guduma. A bugu na uku cikin ya tsage biyu, wata tsohuwar ƙura mai laushi ta zubo daga lungunan da ba wanda ya taɓa kaiwa.

Daidai lokacin Tabita ta fito karɓar bokitan. Ta sunkuya, ta ɗebi ƙurar da hannun hagu, ta murza a yatsunta.

Ta ce, "Maigida, wannan ai dusar acca ce."

Kashegari da sassafe mijin ya kama hanyar ƙauyen Gwaggo Lami. Bai gama kwatanta mata ba ta katse shi. Ta ce lokacin da mahaifiyarsa ke ɗauke da cikinsa ciwon baya ya hana ta daka, mahaifinsa ya yi wata biyar yana zarya gidan wani maƙeri, suna ƙerawa suna rushewa, har suka samu abin da ke murje acca ba tare da ya farfasa ta ba. Fatar nan da ake kira faci, ita ce dukan dabarar. Da mahaifiyar ta rasu yana ɗan shekara huɗu, tsohon ya kasa kallon injin, ya rufe shi, bai ƙara ambatonsa ba.

Ta ce, "Ɗana, ai ko yarinya ta iya juya shi da hannu ɗaya. Ina yake yanzu? Ka kai wa Tabita?"

Ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa ya yi kuka.

Ya nemo ɗan gwangwan, ya fanshi gutsattsarin ya kai maƙera, amma maƙerin da ya yi aikin ya daɗe da mutuwa, jikansa kuwa ya juya su ya ce ba zai iya gane yadda aka haɗa ba. Kafin kaka ta zagayo hannun Tabita ya daina ɗaguwa. Tun daga nan mutumin ne ke tsayawa bakin turmi kowace safiya, Tabita tana zaune tana nuna masa yadda ake yi. Masu wucewa suna yi masa dariya, bai taɓa ɗaga kai ba.

Ma'anar misalin nan ita ce: ƙarfen nan shi ne tanadin da Allah Ubanmu yakan yi mana tun ba mu san za mu bukace shi ba. Sau da yawa abin da muke roƙo da hawaye yana cikin gidanmu, an rufe shi da tabarma. Habila da Zakka su ne mashawartan da muke so, domin suna da baki kuma ba sa jinkirin amsa. Ba mugaye ba ne. Laifinsu dai, ba wanda ya taɓa riƙe taɓarya a cikinsu, kuma ba wanda ya iya cewa bai sani ba. Laifin manomin ya fi nasu, gama an nuna masa inda zai tambaya, ya raina mai nunin, ya raina wadda aka nuna.

'Yan'uwa, haka muke yi a gidajenmu, haka muke yi a ikkilisiya. Mukan zauna mu yanke shawara a kan nauyin da ba mu ne ke ɗauke da shi ba, mai ɗauke da shi tana bayan ƙofa, har mu ce ta yi shiru muna magana. In muka kasa gane amfanin wata baiwa, ko wani tsoho, ko wani ɗan'uwa marar surutu, sai mu ce ya lalace. Ni mai wannan rubutu na yi haka, kuma har yau abin yana cina. Allah yana gafarta wa wanda ya tuba, manomin nan ma ya sami gafara, matarsa ba ta taɓa goranta masa ba. Amma gafarar ba ta mayar da hannun ba. Yau in ka koma gida, kafin ka kira abokanka, ka tambayi wadda ke bakin turmi, tun hannunta yana ɗaguwa.