Gawon Gonar Malam Maraya

Akwai wani matashi a garinmu Dakoro, sunansa Jimrau. Ya yi shekaru a Aljeriya yana aikin gini, ya dawo gida da jaka ɗaya da zuciyar da ba ta zauna ba.

Da ya dawo, sai ya tarar gari ya ci gonaki. Lotisma, wato rabon filayen gini, ta bi hanyar Birnin Lalle, an yanka parsel, katangun siminti sun tashi inda a da ake noma hatsi. Abin da ya rage kawai gonar mahaifinsa, marigayi Malam Maraya, da manyan itatuwan gawo a tsakiyarta.

Masu saye suka fara sallama. Shi kuwa abin da yake so ke nan: ya sayar, ya sake bin hanya.

Mutanen unguwa suka yi taro a ƙofar mai unguwa. Suna son a bar fili ɗaya inda yara za su yi wasa, tsofaffi su sha inuwa, dabbobi su sami wurin tsayawa. Duk ido ya koma kan Jimrau.

Ya miƙe ya ce, "Ikon Allah! Kowa ya saida tashi ya gina gida, sai tawa ce ta jama'a?" Ya kaɗe rigarsa ya fita.

Mahaifiyarsa, Inna Uwale, ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Gonarka ce, ɗan nan. Amma ka je ka gan ta da idonka kafin ka ba da ita. Tun da ka zo ba ka taka ta ba."

Ya je da la'asar, ana jajibirin kasuwa. Sai ya iske wani dattijon makiyayi, Hama, ya kawo shanu daga arewa sun maƙale a lungu tsakanin katangu biyu. Wani mai sabon gida yana ta masifa, wai za su goge masa fenti.

Hama ya dubi Jimrau ya ce, "Kai ne ɗan Maraya? Ga goshin nan. Ɗana, nan muke sauka tun ina saurayi. Yau ina zan kai su? Cikin falon mutumin nan?"

Jimrau ya yi dariya ba da niyya ba. Ya janye ƙayar shinge ya ce, "Baffa, shigo da su."

Shanu suka bazu ƙarƙashin gawo. Jimrau ya zauna yana kallo. Mata na tsintar 'ya'yan gawo don awakinsu, yara sun kafa duwatsu suna buga balo a gefe, wani tsoho ya shimfiɗa buzu yana jan carbi. Ashe gonar da yake ganin kango ce, rabin unguwa a cikinta suke numfashi.

A taro na gaba shi ya fara magana. Ya ce gefen gawon ya bar wa unguwa, meri, hukumar gari, ta zo ta kafa alama kada wani ya gina, kada a sare ko reshe. Sauran zai noma. Amma da sharaɗi: a buɗe wa dabbobi hanya har bakin filin.

Sai mai sabon gidan nan ya yi gyaran murya ya ce, "To, ni ma in ja katangata baya kaɗan." Wani ya ce zai kawo dashen bedi, wato dogonyaro. Mata suka ɗauki ban ruwa.

Daɗi ya kama kowa, amma Jimrau ya koma gida yana tunani. Ya ba da abin da zai fitar da shi, kuma bai san da me zai zauna ba.

Bayan kaka, sai ga Hama a ƙofar gida yana jan wata jar karsana.

Ya ce, "Wannan habbanaye ce, aron da muke ba wanda muka ɗauka ɗan'uwa. Ka riƙe ta, ta haihu a hannunka. 'Ya'yan naka ne, uwar ka maido mini."

Jimrau ya dubi karsanar. Ya ce, "Baffa, ni ko tatsa ban iya ba."

"Za ta koya maka. Da ƙafa take koyarwa."

Inna Uwale ta leƙo daga zaure tana dariya har da hawaye. Ta ce, "To matafiyi, sai ka nemo mata paspo ku tafi tare."

Ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya ce, "Inna, ina za a samu dusa a unguwar nan?"

Darasi: Gari zai girma, ba mai hana shi. Amma in kowa ya kewaye nasa, ba inda yaro zai yi gudu, ba inda baƙo zai sauke gajiya. Wanda ya bar wa mutane wuri, Allah ba ya barinsa ba wurin zama. Ku tura wa 'yan unguwarku, musamman inda ake shirin yanka filaye.