Shekarun da Aka Wanke da Toka

Wani hakimi ya gaji mazaunin fitila na tagulla daga kakanninsa, ya sa aka dirje shi da toka da lemon tsami har yana ƙyalli. Sai ya kira Jatau maƙeri.

"Faɗi shekarunsa da darajarsa daidai. In ka kuskure, ka bar mini gari."

Jatau ya dubi mazaunin fitilar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a jikin koriyar tsatsa muke gane tsufan tagulla, tsufan kuwa shi ne darajar. A kawo mini tsatsar."

"Ai shekaranjiya na sa aka wanke ta!"

"To, Allah ya raya jariri! Kwanansa biyu. Tsohon mai darajar kuwa, ya bi kwata."